Ya Faɗi Ta Hagu

Litinin, da yamma

Yau suka fito da Maigida daga ɗakin masu jin jiki sosai zuwa babban ɗakin maza, gadon da ke jikin taga. Likita ya ce mai wuyar ta wuce. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta hagu: hannu da ƙafa da gefen baki. Hankalinsa yana nan daram, maganar ma tana fita, sai dai a karkace.

Tun daga bakin ƙofa, ana turo gadon, wani ya ce, "Kai jama'a, Baba Santsi ne." Shi ke nan ɗaki ya ɗauki dariya, har wani da ake yi wa ƙarin ruwa yana riƙe ciki. Maigida bai yi komai ba fa. Kwance kawai yake da bakinsa a goce, su kuwa mai askin nan na fim suka gani, wanda yake magana da gefen baki yana aske wa mutane gira bisa kuskure.

Shekara talatin da ɗoriya ina zaune da mutumin da ko gaisuwar mutuwa ya je sai wani ya ɓoye fuska ya dara. Na saba. Ni kaɗai ce ba ya samun dariyata da arha, shi ya sa yake ce mini Alƙaliya: in ya gama fim ni yake zaunarwa in kalla, in ce masa nan ka yi, nan kuwa ka cika gishiri. Amma abin yau ya tsaya mini a rai. Ba ni da wanda zan ba labarin bai murmusa ba, shi ya sa na ɗauko biro.

Talata, da rana

Likitar motsa jiki ta zo. 'Yar siririya ce, sa'ar Autarmu, amma ba ta da wasa. Ta lanƙwasa ƙafar ta miƙe, ta lanƙwasa ta miƙe, sannan ta ja ni gefe.

"Mama, makonnin nan da ke gabanmu su ne komai. In ya fara tsayuwa yana takawa, ƙafar za ta tuna aikinta. In ya ci gaba da kwanciya za ta sandare, daga nan kuma sai keken marasa lafiya."

Ta kawo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ta ajiye a bakin gado. Ta ce, "Baba, bismilla, mu gwada." Ya sauko da ƙafar dama, ya ɗaga kai. Duk mai iya zama a ɗakin ya tashi zaune, masu jinya sun matso, wayoyi sun yi sama. Wani ya ce, "Yanzu za a yi ta." Maigida ya mayar da ƙafarsa, ya ja bargo har wuya, ya juya fuskarsa wajen taga.

Mutumin da faɗuwa ce sana'arsa. Da ita muka ci muka sha, da ita muka yi rufin gida, da ita Auta ta yi karatu. Likitar ta jira ta gaji, ta ɗauke ƙarfenta ta tafi.

Laraba, da hantsi

Na gadon kusa da mu tsohon direba ne, ƙafarsa a rataye da igiya, bakinsa kuwa babu abin da ya same shi. Tun safe yake jana da hira.

"Hajiya, ni fa duk a fitowarsa babu kamar mai gadi. Kin tuna? Yana tsaye da kulki yana sharar barci, ɓarawo ya zo ya ce masa sannu da aiki, ya ce yawwa, a shiga a hankali, maigidan ba ya son hayaniya. Da ɓarawon ya fito da talabijin ya ce a ɗora masa a ka, ya ɗora masa. Sai da ya ɓace sannan ya buɗe ido, ya tafi luu kamar icen da aka sare."

Ya yi dariya har igiyar tana rawa. Can ya share ido ya ce, "A shekarar matata ta rasu. Wata da watanni ban dara ba sai ranar da na ga wannan."

Abin da bai sani ba, tafiyar mai gadin nan da yadda yake sosa ƙeya da kulki, duk na mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa. Tun Maigida yana zuwa zance gidanmu yake satar kallonsa yana adanawa. Da fim ɗin ya fito mahaifin nawa ya kalla har da hawaye, yana cewa, "A ina yaron nan yake samo wawayen nan?" Ni ma in za a matsa mini, wannan ita ce fitowar da na fi so, ko da yake ban taɓa gaya masa ba don kada kansa ya kumbura.

Duk hirar nan idon Maigida a rufe. Ba barci yake ba, na san numfashin barcinsa.

Alhamis, da yamma

Likitar ta zo da ƙarfenta. Bai tashi ba.

Juma'a, bayan la'asar

Darakta ya zo da ledar lemo. Yaron nan a hannun Maigida ya tashi, shi yake riƙe masa jaka tun gemu bai fito masa ba, a tsakar gidana ya sha cin abinci. Yana shigowa Maigida ya rufe ido, bai buɗe ba har ya fita.

Na raka shi baranda na ce ya sake gaya mini yadda aka yi, don ranar da abin ya faru ba ni cikin hayyacina.

Ya ce, "Mama, muna cikin ɗauka ne. Ya fito a mai kai abinci a otal, yana ɗauke da tire. Ya faɗi, muka ɗauko shi nan take muka kawo shi."

"Nan take?"

"Nan take, Mama." Yana faɗa yana kallon takalminsa.

Na ce ya aiko mini da rigar da ya sa ranar. Duk kayan wasansa ni nake ɗinkawa a kekena, ni nake wankewa. Tun farkon aurenmu, da na ga yana dawowa da manya-manyan kumburi, na fara cusa masa auduga a gwiwar hannun dama da ƙugun dama, a ciki, yadda kyamara ba za ta gani ba. Ta dama yake faɗuwa kullum, ko daga kan katanga ne ko daga kan kujera. Ya ce wanda ya san ɓarin da zai sauka a kai shi ne ke tsufa a sana'ar nan.

Darakta ya ce rigar tana sito, zai duba. Ya sauka bene da sauri kamar wanda aka biyo.

Asabar, da safe

Na je gida wanki na bar Auta a wajensa. Na kunna rediyo don gidan ya yi mini faɗi, sai ga shi shi ake yi. Wai masu saurare su bugo waya, kowa ya faɗi fitowar Baba Santsi da ya fi so.

Wata ta ce mai tsaron gida a ƙwallo, wanda yake kauce wa ƙwallon yana ce mata wuce, ba ni da rigima da ke. Wani ya ce mai gyaran lantarki, da wuta ta ja shi ya manne da sanda yana rawa har maƙwabta suka fito suna yi masa tafi. Wani malamin makaranta ya yi dogon bayani a kan fim ɗin da ya yi mutuwar ƙarya don ya ji abin da iyalinsa za su ce a kansa, ya ce akwai darasi a ciki. Ni wannan ban taɓa son shi ba. Na gaya masa tun lokacin, ba a wasa da likkafani.

Sai wani dattijo ya bugo ya ce, "Allah ya ji ƙan Baba Santsi." Mai shirin ya yi saurin cewa ai yana raye, yana samun sauƙi. Dattijon ya ce, "To, Allah ya ji ƙansa dai."

Na kashe rediyon. Na shanya zanin gado biyu, na dawo na sake kunnawa, har aka gama ina tsaye da kumfa a hannu.

Lahadi, da rana

Na fita alwala na dawo na tarar da wata nas a kansa, tana riƙe da tiren magani tana ƙyalƙyala dariya.

"Baba, don Allah ka bari, za ka sa in zubar da maganin mutane."

Shi kuwa yana ta maimaita kalma ɗaya da bakin nan nasa. Ni na ji abin da yake cewa tun daga ƙofa. Fo na fitsari yake nema, ya matsu. Kafin in ja labule in kawo masa, aikin gama ya gama.

Na canza masa zani ni kaɗai, ban bari kowa ya taya ni ba. Yarinyar ta dawo tana ba da haƙuri, wai ta zaci muryar mai aski yake yi mata. Na san ba da mugunta ta yi ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Haƙorin da ya yi dariya shi ke cizo.

Tun daga lokacin bai sake cewa uffan ba, ko da ni.

Litinin, da yamma

Bai tashi ba. Bai yi magana ba. Ya sha shayi rabin kofi.

Talata, da azahar

Na ga abin. Ba zan iya rubutawa yau ba.

Laraba, da safe

Jiya ne, a baranda. Masu tura gado su biyu sun haɗa kai a kan waya suna dariya har ɗaya yana dukan bango. Da suka gan ni, ɗayan ya miƙo mini da murnarsa, ya ce, "Mama, kin ga sabon fim ɗin Baba? Tun bai fito ba yana yawo."

Ga shi nan cikin farar rigar da na ɗinka, da tire cike da kofuna. Ya yi taku biyu ya tsaya. Sai ya tafi ta hagu.

Ta hagu. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Kofuna suka watse, kansa ya bugi ƙafar tebur. Ana jin 'yan bayan kyamara suna danne dariya tana kufce musu. Ana jin muryar Darakta ƙasa-ƙasa yana cewa, "Ku bar shi, ku bar shi, kada wanda ya motsa."

Dole in rubuta wannan, don in ban rubuta ba zan ɗora wa yaran nan laifin da ya fi nasu. Maigida yakan ce faɗuwa sallama ce kawai, ainihin dariyar tana cikin kwanciyar da ke bayanta. Nan yake ƙirƙiro abin da babu shi a rubuce: ya motsa yatsa ɗaya, ya buɗe ido ɗaya, ya lallaɓa ya ɗauki hularsa ya sake sumewa. Akwai shekarar da wani sabon yaro ya ruga ya ɗaga shi, Maigida ya tuɓe kayan wasa ya taho gida, sai da aka yi kwanaki ana biko. Daga ranar ya kafa doka: in ya faɗi, ba mai taɓa shi, ba a kashe kyamara, sai ya yi fito. Fiton nan shi ne alamar ya gama.

A wayar na ga bakinsa. Yana tura leɓe gaba, ɓarin hagu ya ƙi biyo shi, iska kawai ke fita. Ya sake. Ya sake. Duk turawar da ya yi dariyarsu ƙaruwa take, har wani ya ce, "Sabon salo ne wannan." Idonsa yana kan kyamara.

Hoton ya ƙare yana nan kwance. Mai wayar ya ce, "Mama, lafiya?" Na miƙa masa abarsa na ce ya je an gode.

Laraba, bayan magariba

Na shiga na zauna kusa da shi na kasa haɗa ido da shi. Kwana da kwanaki ina yi masa faɗa a raina, ina cewa taurin kai ne. Ashe duk sanda ya sauko da ƙafa ya ga wayoyin nan, can yake komawa.

Alhamis, da rana

Na je ofishinsu, benen da ke saman shagon masu gyaran waya. Darakta yana ganina ya sha jinin jikinsa, ya miƙe har kujera ta faɗi. Mai ɗaukar hoto yana gefe.

Na ce, "Nan take, ko?"

Ya durƙusa. "Mama, dokarsa ce. Wallahi dokarsa ce. Ke ma kin san abin da yake yi wa wanda ya taɓa shi."

"Na sani. Tsawon wane lokaci ya yi a ƙasa?"

"Ban duba agogo ba."

Na kalli mai ɗaukar hoto, shi da injinsa yake ƙirga komai. Ya sunkuyar da kai yana wasa da murfin kyamara. Ban matsa ba. Ina jin in na ji adadin ba zan sake barci ba.

Na ce to wa ya fara ganewa? Darakta ya ce tsohuwar da take kawo musu abinci ce. Tana tsaye a bakin ƙofa da kula, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin Baba ya jiƙa wando a fim ba.

Na zo da niyyar yi masa wankin babban bargo, na haddace maganganu tun a mota. Sai ga ƙato yana kuka da majina a gabana, yana rantsuwa bai san wanda ya fitar da hoton ba. Na rasa wanda zan kama. Mai dokar yana kwance a asibiti, ba dama in je in shaƙe shi.

Ya ɗauko mini rigar daga cikin durowarsa, ba sito ba. Hannun hagu ya yage a gwiwa, da busasshen jini. Audugar dama tana nan lafiya lau, ko dauɗa ba ta yi ba.

Juma'a, da safe

Na tsaya a tsakiyar ɗakin maza, ni da ban iya magana a taro ba. Na ce musu wanda ke kwance a gadon nan ba mai aski ba ne, ba mai gadi ba ne, mijina ne, kuma ba shi da lafiya kamar kowannenku. Na gaya musu abin da ke cikin hoton da suke turawa juna, har zancen fiton. Na ce duk wanda na sake ganin ya ɗaga waya, ta tagar nan za ta fita, wanda kuma dariya ta kama ya ja ƙafarsa ya je banɗaki ya yi ta.

Ɗaki ya yi tsit. Tsohon direba ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji. Na je wajen shugabar nas-nas na faɗi nawa, ta sa aka kawo labule mai taya aka kewaye gadon.

Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba.

Asabar, da yamma

Shiru. Masu jinya har sanɗa suke yi in za su wuce ta wajenmu. Likitar ta zo, ta ce, "Baba, yau babu kowa, daga ni sai Mama." Ya kalli labulen ya daɗe. Bai tashi ba.

Lahadi, da hantsi

Na kwana biyu ina ɗinki a gida da rana in Auta ta karɓe ni. Na yi masa riga da wando masu taushi, na cusa auduga a gwiwar hannun hagu da ƙugun hagu, har da kafaɗa. Na kawo na shimfiɗa masa a kan bargo, na kama hannunsa na dama na ɗora a kan audugar don ya ji.

Ya matsa ta sau ɗaya. Ya ture kayan suka zube ƙasa.

Na tsince na ninke na sa a jaka. A banɗaki na yi kukana na wanke fuska.

Litinin, da rana

Bai tashi ba.

Talata, da yamma

Likitar ta nuna mini idon sawunsa. Ta tura tafin ƙafar sama, ya ƙi tafiya yadda yake tafiya a makon farko. Ta ce, "Kin gani, Mama? Ya fara sandarewa."

Auta ta zo daga aiki da kayan aikinta a jiki. Muka zauna a benci a waje, ta ce, "Mama, ɗakin nan ya koma kamar gidan makoki. Baba bai mutu ba fa."

Na ce in ta fi son a mayar da ubanta abin kallo ta je ta yaye labulen. Can ta ce ita duk a fina-finansa wanda take so shi ne wanda ba kowa ya saya ba, inda ya fito a uban da ya kai 'yarsa makaranta ranar farko, ya kasa tafiya, ya hau katanga yana leƙenta ta taga har ya rikito cikin kwandon shara. Ita ce 'yar, tana da shekara biyar. Ta ce, "Da ya faɗi na fashe da kuka, aka ce a riƙe ni. Yana kwance a cikin sharar yana ƙyafta mini ido don in san ƙalau yake."

Na ce mata ni ma na tuna. Ni na wanke rigar, warin bai fita ba sai da na jiƙa ta sau biyu.

Laraba, da safe

Tsohon direba ya kira ni da hannu, ya rage murya.

"Hajiya, kada ki ga na yi miki shisshigi. Da, in ina ba ki labarin mai gadi, ina ganin babban yatsan ƙafarsa yana motsi a ƙarƙashin bargo. Yanzu ko tari na yi sai in ji kamar na yi laifi. Mu ma fa ba daɗi muke ji ba."

Na ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ce haka ne, Allah ya ba da lafiya. Na koma bayan labule raina a ɓace, na rasa da wa nake fushi.

Alhamis, da azahar

Ina yanke masa farcen hannun hagu, hannun yana kwance a cinyata kamar ba nasa ba. Ban shirya ba, kawai na ji bakina ya ce, "Na ga hoton ranar."

Na zaci zai yi kunnen uwar shegu yadda ya saba. Sai na ji muryarsa, a shaƙe, bayan kwanakin nan duka.

"Kin ga bakin?"

"Na gani."

Hawaye ya gangaro ta idon dama ya shiga kunnensa. Na share masa da gefen mayafina na ci gaba da yankan farcen.

Juma'a, da yamma

Babban likita ya zagayo. Ya ce tunda ba a samun ci gaba, zaman asibitin ba shi da amfani, farkon mako za su sallame mu, a ci gaba da kula da shi a gida. Ya ce mu nemi keken marasa lafiya.

Auta ta samo aron wani wajen abokiyar aikinta. Ta shigo da shi a naɗe, ta rasa inda za ta sa, ta jingina shi a ƙarshen gadon, cikin labule. Na so in ce ta fitar da shi, sai na ga yadda Maigida yake kallonsa. Har na tafi sallar magariba na dawo idonsa yana kan keken nan. Abincin ma bai kalla ba.

Asabar, da hantsi

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Likitar ta leƙo don ta yi mana sallama, ko ƙarfen ba ta zo da shi ba. Maigida ya ɗaga hannun dama ya nuna ƙofa, ya kwatanta ƙarfen. Ta fita da gudu-gudu ta kawo. Sannan ya nuna labulen, ya yi alama a janye.

Na ce, "Ka tabbata?" Ya harare ni. Na janye.

Duk ɗakin suna kallo, babu waya ko ɗaya. Likitar ta zaunar da shi a bakin gado, ta ɗora hannun hagun a kan ƙarfe ta riƙe masa shi da nata. Ya yunƙura ya koma. Ya sake yunƙurawa, jijiyar wuyansa ta fito, sai ga shi tsaye. Na manta tsawonsa. Ya tura ƙafar dama. Ya tsaya yana haki, ya jawo ta hagun tana shara a ƙasa, ta zo. Ya sake tura ta dama, sai gwiwar hagun ta lanƙwashe. Likitar ta tare kansa da kafaɗarsa, amma nauyinsa ya fi ƙarfinta, suka zube tare, ƙarfen ya kife da ƙara.

Ko tari babu wanda ya yi. Masu jinya biyu suka taso za su ɗaga shi, ya ɗaga musu hannu suka tsaya. Yana kwance a kan siminti yana juya ido daga wannan gado zuwa wancan, yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Tsohon direba ya toshe bakinsa da hula, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Na durƙusa kusa da kansa. Ya jawo mayafina, na kai kunne.

"Alƙaliya," ya ce, "ba su yi dariya ba."

Na buɗe baki zan ce ai ni na hana su. Sai na ga fuskarsa. Ban taɓa ganin tsoro irin wannan a idonsa ba, ko a hoton nan. Na san in na faɗi gaskiya zai gane tausayinsa ake ji, zai koma gadon, ba kuma zai sake saukowa ba. Na san kuma faɗuwar da yake nema ba za ta ƙara dawowa jikin nan ba har abada. Zuciyata kamar ta tsage, amma na daure fuska yadda na saba in ya zaunar da ni kallo.

Na ce, "Ina za su yi? Faɗuwar ba ta yi kyau ba. Ka yi gaggawa, kuma ka ba jama'a baya."

Ya daɗe yana kallona, gefen bakin da ke aiki yana rawa. Likitar tana durƙushe tana jira, gwiwarta ta gurje. Ya saki mayafina, ya miƙa hannu ya kamo ƙafar ƙarfen ya jawo shi kusa.

Ya ce da ita, "A sake."